Waƙar rabuwa da ta zama ta ɗaya a Amurka: daɗinta ne ko yawan mabiya?

Baban Husna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu bibiyar waƙoƙin Turawa. Jiya ƙanena ya ɗauko ni daga filin jirgi, tun daga can har ƙofar gida waƙa ɗaya yake ta maimaitawa a mota. Namiji da mace ne, murya ƙasa-ƙasa, jita da ɗan goge irin nasu, babu abin da za ka taka rawa da shi. Na ce masa wai wa ya rasu? Ya ce haba Yaya, ai wannan ta taɓa zama ta ɗaya a duk Amurka. Sunanta I Remember Everything, ta wani Zach Bryan da wata Kacey Musgraves. Da na isa gida na duba, ashe gaskiyarsa. A Billboard Hot 100, wato jadawalin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka kowane mako, na 9 ga Satumba 2023, makon da ta shiga ma a mataki na ɗaya ta sauka, ba ta bi layi ba. To ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da muka sani da rap da kiɗan tsalle-tsalle, ta yaya waƙar da ko kai ba ka gyaɗa mata za ta wuce su duka?

Autan Gida: Baban Husna, ka binciki ƙanen nan naka da kyau. Wanda ya maimaita waƙa ɗaya daga filin jirgi har gida, to an ba shi jan kati ne a wani wuri.

Baban Husna: Auta ka fita idona. Amma fa akwai alama.

Akawu: Wa alaikumus salam. Kafin a fara kuka, a fahimci yadda ake lissafin. Hot 100 tun 1958 ake fitar da shi, kuma abu uku ake haɗawa: sau nawa aka saurari waƙa ta intanet, sau nawa gidajen rediyo suka saka ta da yawan masu jinsu, da kuma guda nawa aka saya. Wani kamfani, Luminate, shi ke tattara alƙaluman, mako kuma daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis. Sauraron wanda ke biyan kuɗin wata ya fi nauyi a kan na mai sauraron kyauta da ake katse shi da talla.

Shi Zach Bryan ya saki kundinsa ranar Juma'a 25 ga Agusta 2023, wato ya samu cikakken mako. Waƙoƙi 16 ne a ciki, kuma duk 16 ɗin sun shiga Hot 100 a makon nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya faru: mabiyansa ne suka zauna suka kunna kundin daga farko har ƙarshe, suna maimaitawa. Wannan da ake magana ita ta fi samun kaso, an saurare ta sama da sau miliyan 33 a kwana bakwai. Rediyo kuwa kusan babu ruwansu da ita a lokacin. Mako ɗaya ta yi a sama, wanda ya biyo baya mawaƙiya Doja Cat ta karɓe. Ni a wurina wannan ƙarfin jama'a ne. Ko karatun lambar mota ya yi a makon nan da ya shiga jadawali.

Gimbiyar Zazzau: Akawu kenan. Komai sai ka mai da shi rasit.

Ɗan Tulsa: Salamu alaikum. Ni a jihar Oklahoma nake zaune, kuma garin su yaron nan, Oologah, bai kai tafiyar awa ɗaya daga inda nake ba, don haka bari in saka baki. Akawu lissafinka daidai ne amma ka tsaya a rabi. Ka ce ƙarfin jama'a ne. To jama'ar daga ina ya samo su?

An haife shi 1996, gidansu gidan sojan ruwa ne, shi ma yana shekara 17 ya shiga, ya yi shekara takwas. Yana cikin kaki yake rubuta waƙoƙi, abokansa na ɗaukarsa da waya a wajen bariki suna ɗorawa a YouTube. Akwai wata, Heading South, da aka ɗauka da daddare, gumi na zuba a fuskarsa, yana dukan jita kamar zai tsinke ta. Ita ta fara yawo. Mahaifiyarsa ta rasu 2016, kundinsa na farko a 2019 sunanta ya saka masa, DeAnn. Duk wannan kafin ya bar soja a 2021. Wato ba wani gidan rediyo ko gasar talabijin da ta ɗora shi, mutane ne suka riƙa tura wa juna har abin ya kai inda ya kai.

Kuma zancen mako ɗaya, e mako ɗaya ta yi a kan gaba, amma ba ta faɗo ƙasa ba kamar yadda irin waɗannan ke yi. Har cikin farkon 2024 tana cikin goman farko. A Fabrairun 2024 kuma suka ci Grammy da ita, wato babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka, a ɓangaren waƙar kantiri ta haɗin gwiwa. Waƙar da tsabar ɗokin kundi ya ɗaga, a mako na uku ba ka ƙara jin ɗuriyarta.

Akawu: Ɗan Tulsa, na yarda da zancen daɗewar. Amma kar mu mai da shi maraya. Tun 2021 yana tare da Warner Records, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa na duniya. Yaro da jitarsa a bayan bariki labari ne mai daɗin ji, kuma su ma kamfanin sun san yana da daɗin sayarwa.

Ɗan Tulsa: Kamfani ba ya zuwa sai ya hango kasuwa ta ci. Su suka zo suka same shi.

Akawu: To ga wani abin da ku duba. Shekarar 2023 gaba ɗaya ta 'yan kantiri ce. Morgan Wallen ya yi mako 16 a mataki na ɗaya da Last Night. A watan Agusta Jason Aldean ya hau, Wallen ya dawo, sai wani da ba wanda ya san shi, Oliver Anthony, ya yi mako biyu da waƙar kukan talaka a kan 'yan siyasar Washington, sannan Zach Bryan. Waƙoƙin kantiri huɗu a jere, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin jadawalin. Luke Combs ma ya kai na biyu da tsohuwar waƙar Tracy Chapman ta 1988. Wato ruwa ya riga ya kawo, shi dai kwalekwalensa ya tura.

In ma za a yi maganar waƙarsa da ta nuna ƙarfi da kanta, ni Something in the Orange zan ce, ta 2022. Ita ma ta rabuwa ce. A hankali ta riƙa hawa har ta kai ta 10, ta haura shekara guda a cikin jadawalin. Wannan ita ce ta ci da guminta.

Maman Iman: Ni dai ku yi min bayani, mene ne ma kantirin? Ina jin ana faɗa.

Ɗan Tulsa: Maman Iman, kiɗan mutanen karkara ne na kudancin Amurka, manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci. Cibiyar kasuwarsa birnin Nashville a jihar Tennessee. Yawanci labari ake bayarwa a ciki: gida, gona, coci, giya, matar da ta tafi. Shi na Zach Bryan ya fi karkata ga salon gargajiya na mutum da jitarsa, ba ado da yawa, wani lokaci har kana jin muryarsa na karyewa bai gyara ba. Shi da bakinsa ma ya ce ba ya son a kira shi mawaƙin kantiri, marubucin waƙa yake so a ce. Abin dariya, ita wannan waƙar lokaci ɗaya ta zama ta ɗaya a jadawalin kantiri da na rock da kuma Hot 100, su kansu masu rabon ba su san akwatin da za su saka ta ba.

Gimbiyar Zazzau: Maza kun cika gidan da lamba, har yanzu ba wanda ya faɗi abin da waƙar ke cewa. Baban Husna ya tambayi dalili, dalilin yana cikin baitocin.

Namijin ne ke farawa. Yana zaune yana shaye-shayensa yana tuno da: wata tsohuwar mota ƙirar Ford ta 1988, kare ya leƙo da kai ta taga, sun dawo daga bakin teku da yashi a gashinta, wata yagalgalalliyar kujera da yake zama yana rera mata waƙa ita kuma tana ba shi labarin yadda mahaifiyarta ta gudu ta jinginar da zobenta. Kana jinsa sai ka ce wayyo bawan Allah, an cuce shi.

Sai macen ta karɓa. Ba ta ƙaryata ko ɗaya daga abin da ya lissafa ba, motar ma ta tuna ta. Amma ta ce da shi kai fa komai sai ka sha kake iya ɗauka, yaushe ni zan samu natsuwa a wurinka, kuma mutumin da kake ta rantsuwa za ka zama ba za ka taɓa zama shi ba. Shi kenan ta rushe masa ginin. Shi yana tuna ranakun daɗi, ita tana tuna dalilin da ya sa ta tafi, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Waƙoƙin rabuwa nawa kuka sani da ake barin wadda aka rabu da ita ta yi magana? Galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da makirufo yana kai ƙara, ɗayan ba ya nan balle ya kare kansa. Nan an kira ta an ba ta dama. Cire baitin Kacey Musgraves ku gani, abin da zai rage kukan mashayi ne kawai.

Autan Gida: Anti Gimbiya ta zo da sammaci.

Maman Iman: Wallahi Gimbiya kin gama magana. Haka suke. Zai tuna kalar mayafinki na ranar farko, ba zai tuna ranar da ya bar ki a asibiti ya tafi kallon ƙwallo ba.

Akawu: Gimbiya, ban musa ba. Kuma ta fuskar kasuwa ma saka ta dabara ce. Ita ba ƙaramar mawaƙiya ba ce, 'yar Texas ce, a 2019 kundinta Golden Hour ya ci Grammy na kundin shekara gaba ɗaya. Ta zo da nata masu sauraro. Duk da haka ita ma wannan ne karonta na farko a mataki na ɗaya a Hot 100, kamar shi.

Gimbiyar Zazzau: Ka ga ka dawo rasit.

Almajirin Malam: Assalamu alaikum. Ba na son in ɓata muku hira, amma a matsayinmu na Musulmi ya kamata a ce wani abu. Waƙar da aka buɗe ta da giya, saurayi da budurwa ba aure suna yawon bakin ruwa, ita muke zaune muna yi wa tafsiri? Ga kuma maganar kayan kiɗa da malamai suka yi bayani a kai. Allah ya shirye mu.

Baban Husna: Amin Malam. Nasiha ta karɓu.

Gimbiyar Zazzau: Malam, Allah ya saka da alheri. Zancen kiɗa na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma zancen giya, a cikin waƙar nan ita ce ta raba su. Ba a yabe ta ba. Da za a fassara wa wasu 'yan unguwarmu masu shan maganin tari baitin matar nan, wataƙila su ji abin da matansu suka kasa faɗa musu.

Almajirin Malam: Akwai hanyoyin wa'azi da suka fi wannan tsafta, Hajiya. Amma na ji.

Admin: Kowa ya faɗi nasa cikin mutunci, haka ake so. A ci gaba.

Kawu Mai Kaset: Salamu alaikum yara. Jikata ce ta nuna min ana zancen kantiri, na ce yau gidan nan ya zo unguwarmu. Baban Husna, mamakin da kake yi ne ya ba ni mamaki. Kai ba ka tashi ka ji Don Williams a gidanku ba? Mu a zamaninmu a Kaduna, shagon tela, ɗakin gwauro, motar haya ta zuwa Jos, duk inda ka shiga shi ne, ko Jim Reeves, ko Kenny Rogers, ko Dolly Parton. Ranar Lahadi da rana rediyo ta saka zaɓen masu sauraro, rabi kantiri ne. Yawancinmu Turancin ma ba mu gama ji ba, amma Don Williams a hankali yake magana kamar dattijo na ba ka shawara, kana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙinsa 17 suka zama na ɗaya a jadawalin kantiri. A 1997 har Zimbabwe ya je ya yi wasa a Harare, don ya san yana da jama'a a Afirka. Da ya rasu a 2017 mu nan sai da muka yi wa juna jaje a waya.

Kuma Akawu, tunda kana son tarihi, kafin waɗannan yaran, namiji da mace da suka haɗu a waƙar kantiri ta zama ta ɗaya a Hot 100 su ne Kenny Rogers da Dolly Parton, 1983, Islands in the Stream. Shekara 40 cif tsakani. Ina da kaset ɗin.

Akawu: Allah ya ƙara girma Kawu. Wannan haka yake, kun riga ni.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Kawu ya tuna min da babana, shi ma yana da su, daga Kano yake sayowa. Ni abin da nake gani, kunnenmu ya riga ya saba da irin wannan tun kafin Turawa. Mutum ɗaya, abin kiɗa mai tsirkiya, labari. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa me ya fi haka? Kuma banjo da suke taƙama da ita a kiɗan kantiri, asalinta bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta can, da ƙwarya da fata da sanda. Masu bincike na danganta ta da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da sauran danginsa. Ka dubi gurmi ka dubi tsohuwar banjo ta ƙwarya, ba sai an gaya maka ba.

Autan Gida: Wato kayanmu ne suka je ci-rani suka dawo da hular kaboyi.

Ɗan Tulsa: Auta ka kusa. Amma a wannan waƙar dai jita ce da goge suka fi fitowa, kar a ce mun ƙara gishiri.

Baban Husna: To ni yanzu wata tambayar ta taso. Duk wannan son da Kawu ke faɗa ana yi wa Don Williams a nan, ya taɓa shiga lissafin Billboard?

Akawu: Ko ɗaya. Hot 100 abin da aka saurara a cikin Amurka kaɗai yake ƙirgawa. Ƙanenka ko ya kwana yana maimaita ta a Kano, bai ƙara mata komai ba a can. Sai a 2020 suka fito da Global 200 mai haɗa ƙasashen duniya. A Najeriya ma akwai jadawalin TurnTable, su ma a 2020 suka fara. Rema ya kai na uku a Hot 100 a shekarar 2023 da Calm Down, shi da Selena Gomez, amma da sauraron mutanen Amurka ya kai, ba namu ba.

Matsalarmu a Arewa ta fi haka ma. Waƙar Hausa za ta game gari, gidan biki, Adaidaita Sahu, shagon aski, amma ta ina ta bi? Wurin masu turi a bakin kasuwa, a cika maka memori da ɗari biyu, ko aboki ya tura maka ta Xender. Ba na'urar da ta ƙirga wannan. Sai ɗan abin da aka gani a YouTube da Audiomack. Shi ya sa nake cewa jadawali ba ya auna daɗin waƙa, yana auna waɗanda ke sauraro ta hanyar da ake iya ƙirgawa ne.

Ɗan Tulsa: A nan kam mun haɗu. Su kansu 'yan kantiri abin da ya same su kenan shekaru da yawa. Masu jinsu sun daɗe a kan rediyon mota da faifai, ba su koma sauraro ta waya da wuri ba kamar masu jin rap. Da 'ya'yansu suka koma Spotify da Apple Music sai ga su a saman jadawali, aka yi ta mamaki kamar daga sama suka faɗo. Suna nan tun da.

Gimbiyar Zazzau: To Akawu, ka ce ba ya auna daɗi. Amma mutum ba ya maimaita abin da bai taɓa shi ba. Rediyo za ta iya cusa maka waƙa ko ba ka so, ita kuwa wannan kai da kanka ka ce rediyo ba ta saka ta ba. Kowane ɗaya cikin miliyan 33 ɗin nan wani ne ya kai yatsa ya danna.

Akawu: Ko kuma ya bar waya tana juyawa ya yi barci.

Gimbiyar Zazzau: Allah ya shirye ka.

Kawu Mai Kaset: Ku bar shi. Akawu bai taɓa rasa mace ba ne. Jikata ta kunna min waƙar yanzu, ta fassara min inda ban ji ba. Muryar yaron ba ta kai ta Don Williams ba, wannan kam ba na tantama, kamar wanda ya tashi daga barci. Amma ya san abu ɗaya: wanda aka rabu da shi ba ya tuna "soyayya", ƙananan abubuwa yake tunawa. Motar nan da ya ambata har da shekararta, nan ya kama ni.

Ni Vespa ce. Ina aiki a masaƙa lokacin, farkon shekarun 1980, ina zuwa zance Tudun Wada duk Alhamis da Lahadi. Har yau ina iya gaya muku kalar tabarmar da ake shimfiɗa min a zaure, da ƙanenta da nake ba sule ya je ya ce ana sallama da ita, da ƙamshin turaren da take sakawa. Shekara biyu muna tare. Rana ɗaya na zo aka ce an ba da ita ga wani ɗan uwan babanta, ɗan kasuwa a Zariya. Na koma ɗaki na saka kaset ɗin Don Williams, akwai wata waƙarsa ta 1977, Some Broken Hearts Never Mend, ita ma ta yi ta ɗaya a jadawalin kantiri. Na yi ta mayar da ita da biro don kar batir ya ƙare, har zaren ya tsinke na liƙe da jan farce na ƙanwata.

Maman Iman: Allah sarki Kawu. Wallahi har na ji wani iri.

Autan Gida: Kawu ashe ku ma an taɓa ku. Mu da muke cewa zamaninku ba a yaudara.

Ɗan Damagaram: Kuɗi ne ya yi aiki Kawu, tun da haka abin yake.

Gimbiyar Zazzau: Kawu, Allah ya ba ku haƙuri, kuma ku gafarce ni in na yi rashin kunya. Mun ji baitinku. Da za a miƙa mata makirufo ita ma, me za ta ce?

Autan Gida: Innalillahi. Anti ko Kawu ba ki bari ba?

Admin: Gimbiya a yi a hankali da manya.

Kawu Mai Kaset: A'a Admin, ƙyale ta. 'Yar nan ta iya tambaya. Na ajiye wayar na yi alwala na dawo, don abin ya tsaya min.

Abin da za ta ce shi ne, sau biyu babanta yana aiko min in turo magabatana. Na farko na ce sai an yi mana ƙarin albashi. Na biyu na ce sai na gama biyan Vespa. A tsakanin nan na sayi rediyo mai kaset biyu, na ɗinka kaftani uku, ban sayi ko akwati ɗaya na lefe ba. Ita ce ta riƙa tare min a gida tana cewa yana nan zuwa, har ƙannenta mata biyu suka isa aure a bayanta. Ranar ƙarshe da na gan ta ba ta yi kuka ba, cewa ta yi, kai kullum gobe. Shekara arba'in ina ba da labarin nan, kullum da ɗan kasuwar Zariya nake farawa. Yau ne na fara faɗin wannan ɓangaren.

Gimbiyar Zazzau: Na gode Kawu. Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban yi zaton za ku amsa ba.

Almajirin Malam: Kawu, matar mutum kabarinsa. Allah bai rubuta ba ne. Amma samarin gidan nan su ji, in an ce ku turo ku turo.

Baban Husna: Ni da na zo tambayar Billboard. Bari in kira ƙanen nan nawa in ji ko shi ma an ce ya turo ne ya tsaya sayen waya.

Akawu: Ka tambaye shi ko ta Spotify yake ji ko turi aka yi masa, ina son in sani.

Maman Iman: Kawu ni tambayata ɗaya, Hajiya tana gidan nan kuwa? Kar mu wayi gari a ce an hana ku tuwon dare.

Kawu Mai Kaset: Ba ta ciki, amma jikar da ke rubuta min 'yar rahotonta ce, kuma tun ɗazu na ga ta fita tsakar gida da sauri. Kaset ɗin ma Hajiya ce ta adana min shi a ƙasan adakarta, ta ce in na mutu za ta ba gidan tarihi. Sai da safenku.